Jaratu da Turun Suwaiba

Jaratu ba kyakkyawa ba ce, kuma ta san haka tun kafin mu iya gaya mata. Doguwa ce, baƙa, ga faɗin kafaɗa, ga murya irin ta mai kiran awaki daga bisa dutse. Ubanta maginin rijiya ne a Gidan Sha'ibu, wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsu tsakanin Tamaske da Ibohamane, kuma hannuwansa ta ɗauko. In ta riƙe ka sai ka ji har ƙashi. Ni Saude tare munka tashi da ita, rijiya ɗaya, turmi ɗaya, kuma na sha faɗa da ita fiye da kowa a garin, don ni ma ba a taka ni in yi shiru. Saboda haka in na ce ban taɓa ganin mutum irinta ba, kada ku ɗauka yabon ƙawa ne.

Ta ukunmu ita ce Suwaiba, 'yar siririya mai shegen surutu, wadda in ta kwaikwayi tafiyar matar mai gari sai mun zube ƙasa don dariya. Ba mu kai aure ba anka yi shekarar fara. Fara ta sauko kwarinmu ta cinye gero har kara, ta bi ganyen itace. Munka ci anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da sai an jiƙa su, munka ci ƙarangiya, mata sunka riƙa tonon gidan tururuwa neman tsaba. Wanda ya ga ba ya iyawa ya ɗaure 'yan komatsansa ya yi kudu, ƙasar Sakkwato. Cikin masu tafiya har da gidan su Suwaiba: ita, da uwarta Mairamu, da wanta Sule, da ƙanwarta Hasana da ko yaye ta ba a yi ba. Ubansu ya riga ya rasu tun kafin yunwar.

Da Allah ya kawo damina mai kyau, masu gudu sunka fara komowa. Suwaiba ta komo ita kaɗai, bisa jakin wasu fatake da sunka tsince ta a hanya, can bayan Madawa. Kawunta Hamani ya karɓe ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. In an ba ta fura ta sha, in ba a ba ta ba ta zauna. Na kira sunanta ta dube ni yadda ake duban bango. Abin da har yau yake ƙona mini rai, babu mahaluki ɗaya da ya zauna ya tambaye ta ina ta baro sauran. A shekarar yunwa mutuwa ta yi yawa har an daina zaman makoki, kowane gida da nasa, wa zai gaida wa? Da hatsi ya samu kuwa sai manya sunka ce a bar tone-tone, a ci a gode wa Allah. Haka anka rufe maganar mutum uku.

Sai tafiya ta fara. Da hantsi, mata na sussuka, sai Suwaiba ta ajiye abin da ke hannunta ta miƙe ta kama hanyar kudu. Ba gudu take ba, tafiya ce ta mai zuwa aike. Sai an je gona an kira Hamani ya bi ta ya komo da ita. An ba ta rubutu ta sha, an yi mata hayaƙi har idanunta sunka yi ja, duk a banza. Hamani ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Mutum ne da gona ke jira, ga lanho, harajin Nasara, ga aikin hanya na kumandan, Baturen mulki, da ake kwasar maza. Ran da wani Bafillace ya kawo ta bisa takarkari, ya ce a kan fako ya same ta kwance ƙishirwa ta kusa kashe ta, ran nan Hamani ya ce ya gaji, turu zai sa ta.

Mun san turu. Gungume ne mai nauyi da ake huda wa rami, a zura ƙafar mutum, a tokare yadda ba ta fita. Akwai wani mutum mai suna Yaro da ya zauna cikinsa bayan gidan mai gari tun muna ƙanana, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ana turo masa tuwo daga nesa. Mun ga yadda ƙafarsa ta koma kafin ya mutu, ba labari anka ba mu ba.

Jaratu ta tashi ta tafi zauren Hamani, ga maza zaune. 'Ya mace budurwa a zauren maza! Ni ina daga waje ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kada ka sa ta turu. Ka ba mu ita."

Hamani ya ce, "In ba ku ita ku yi mi da ita? Ku da ba ku san ciwon kanku ba?"

"Mu tsare ta. In ta tahi, ni za ni biɗo ta, ba kai ba."

Maza sunka yi dariya. Hamani bai yi ba. Ya dube ta ya ce, "To, ɗiyata, na ji. Amma ran da ta hi ƙarhinku, babu sauran magana."

Munka jawo Fatsima, wata sa'armu mai tsoron tsiya, da sauran 'yan matan unguwa, munka raba tsaro. Kai, mun yi wauta iri-iri! Mu a tunaninmu wanda ba ya dariya sai a sa shi dariya. Munka ja ta dandali, munka yi mata waƙa, munka yi mata kitso da lalle, ni har kwaikwayon matar mai gari na yi mata, na ɓata shi. Ko gezau. Jaratu ce ta fara gane cewa jan ta da ƙarfi ba ya yi. In Suwaiba ta miƙe sai ta bi ta, kafaɗa da kafaɗa, ba ta ce mata komai, sai ta ga ta gaji sannan ta kama hannunta ta juyo da ita. A wannan bin ne ta lura duk itacen aduwa da sunka wuce sai Suwaiba ta ratse ta leƙa gindinsa.

Ana nan wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu, anka yi zaman makoki sosai, irin wanda an daɗe ba a gani ba. Ran nan Suwaiba ba ta yi kudu ba. Ƙofar gidan ta je ta tsaya, tana kallon mata na shiga suna gaisuwa suna fita, tun hantsi har azahar. Jaratu ta same ni bakin rijiya ta fizge mini guga.

"Ke Saude, wa ya yi ma Suwaiba gaisuwa?"

"Gaisuwar mi?"

"Uwatta, da wanta, da ƙanwatta. Tsohuwa guda ta mutu an cika gida. Ita mutum ukku, ko sannu ba ta samu ba."

Na ce, "To sai mi? Mu za mu yi mata? Ke ma kin taɓu? Ina kinka taɓa ganin 'yan mata sun yi zaman makoki?"

Ta ce, "Yau kya gani."

Ba ran nan ba ne dai, sai da munka tara gero, kowace ta riƙa rage tafi guda daga na dakan gidansu. Munka daka gumba ta sadaka yadda ake yi. Munka share kangon gidan su Suwaiba, inda tumfafiya ta fito har tsakar ɗaki, munka shimfiɗa tabarma, munka zaunar da ita, Jaratu ta lulluɓa mata zane a ka. Sauranmu munka fita waje munka jeru, muna shiga ɗaya bayan ɗaya da sallama, yadda munka ga iyayenmu na yi. Fatsima ce ta fara, tsoro ya sa dariya ta kufce mata, Jaratu ta watsa mata harara har ta haɗiye ta. Ni na shiga na yi gaisuwata da sauri na koma gefe. Suwaiba ba ta amsa wa kowa ba.

Jaratu ce ƙarshe. Ta durƙusa gabanta, ta sassauta wannan murya tata da ban san tana sassautuwa ba.

"Suwaiba, ina haƙuri? Ashe Inna Mairamu lokaci ya yi. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta."

Shiru. Mai gaisuwa ba ya tashi sai an amsa masa, kowa ya san haka, har Suwaiba. Jaratu ta ƙi tashi. Gwiwoyinta na bisa tsakuwa, rana na dukanta, ta sake faɗi. Can sai munka ji daga ƙarƙashin zane, a dishe, "Amin."

Jaratu ta ce, "Allah shi jiƙan Sule."

"Amin."

"Allah shi jiƙan Hasana."

Suwaiba ta yaye zanen. "A'a," ta ce. "Ban ga gawatta ba. Da Inna ta mutu ni na goye ta. Na aje ta gindin aduwa na tahi biɗar ruwa. Da na komo ban gane itacen ba. Duka iri ɗaya ne, Jaratu. Duka iri ɗaya."

Sannan kukan ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Mu ma duk munka ɓarke, 'yan mata cike da kango muna ta rusa kuka da rana tsaka. Kukan ne ya jawo mata. Haba, sai ga gari ya tashi! Wai muna kiran mutuwa, wai mun yi wa gari mugun baki. Uwar Jaratu ta zo da muciya ta yi ta zabga mata a baya, Jaratu na rungume da Suwaiba ba ta saki ba. Ni ma na sha nawa a gida. Liman ne kaɗai bai ce mun yi daidai ba, bai ce mun yi laifi ba. Anka kai masa gumbar ya karɓa ya yi fatiha, ya ce a raba wa yara.

Daga nan Suwaiba ta komo, amma ba duka ba. Tana magana kaɗan, tana daka, tana ɗiban ruwa, wani lokaci har murmushi. Tafiyar kudu ta ragu, sai jefi-jefi. Hamani ya bar maganar turu. Mai kwaikwayon nan dai ba ta komo ba, kuma babu namijin da ya taɓa zuwa zance wurinta.

Mu kuwa aure ya fara ɗibarmu. Anka kai Fatsima Keita, ni anka kai ni wani ƙauye kusa da Buza, sauran ma kowace ta kama gabanta. Tsaron da muke yi mu da yawa ya koma kan mutum guda. Wani mai rini daga Tamaske ya nemi Jaratu, mutumin kirki, tana kuma son sa, na sani don ta gaya mini. Ta ce masa sai dai in da Suwaiba za ta tare. Ya ce zai yi shawara da danginsa, bai sake zuwa ba. Daga baya ta auri wani Bawa, ba don komai ba sai don darni ɗaya ya raba gidansa da na Hamani. Bawa ya yi haƙuri na 'yan shekaru. Amma mutum ya komo gona ya tarar babu tuwo, matarsa na can bisa fako tana rakiyar wata, ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu. Wata shekara ya tafi cin rani, da abokan tafiyarsa sunka komo sunka kawo mata saƙo da baki cewa ya sawwaƙe mata. Allah bai ba su haihuwa ba.

'Yan matan da sunka taso bayanmu sun san hanyar turminta. Wadda anka ɗauke wanta soje, wadda uwarta ta rasu, wadda dai ranta ya yi nauyi ba ta san dalili ba, sai ta zo wai taya daka. Jaratu ba ta iya lallashi ba, tambaya ta iya. "Ke, mi ka cin ranki? Faɗi, ba ni da lokaci." Sai yarinya ta faɗi, ta yi kukanta, ta share ido ta tafi gida. Iyayen 'yan matan nan kuwa, su ne ba sa kiran Jaratu biki, ba sa kiranta suna, wai mai zama da iska ba a rasa ta da iska. Tir! In na zo ganin gida sai ta tsare ni da surutu tun daga ƙofa, labarin akuyarta, labarin rufin ɗaki, labarin banza da wofi, har kunnena ya yi zafi in ce mata ta bar ni in sha ruwa. Magana ce ta taru mata, babu wanda za ta zuba wa. Da maraice ita da Suwaiba ke cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ba mai cewa komai.

Sai yaƙin Nasara ya zo. Anka riƙa kwasar hatsi ana kaiwa rumbunan kumandan, ruwa kuma ya yi gardama. Yunwar ba ta kai ta fara ba, amma mata sun koma jiƙa anza. Duk wanda ya san anza ya san warin ruwanta. Warin nan na cika gari, Suwaiba ta daina magana. Tafiya ta komo sabuwa, safe da rana, Jaratu na biye da ita da cikin da babu komai. Wata rana Jaratu na bakin rijiya, Suwaiba ta shiga gidan maƙwabta ta tarar da jaririya kwance a inuwa, uwar ta zagaya. Ta ɗauke ta ta goya ta kama hanya. Sai bayan azahar anka same su a gindin wata aduwa, tana yi wa jaririyar fifita da gefen zane. Yarinyar lafiyarta lau, amma uwarta ta suma sau biyu kafin a kawo ta, kuma ni uwa ce, ba zan ce ba ta da gaskiya ba.

Wannan karon ba Hamani kaɗai ba ne, gari ne. Anka kira masassaƙi, anka kawo gungumen gawo ƙofar gidan Hamani, Jaratu na jin sarar gizago daga ɗakinta. Ta sake zuwa zauren ta durƙusa. Hamani ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Ya ce, "Ɗiyata, kin yi abin da ba wanda ya yi. Amma mun yi magana da ke tun kina yarinya. Ta hi ƙarhinki."

Jaratu ba ta yi musu ba. Ta ce a bar ta ta yi mata kitso da wanka tukuna, don in an sa ta ba ta sake samu. Sunka ce to. Ranar kasuwar Tamaske, maza sun watse, ta ɗora ƙwarya a ka, ta ɗora wa Suwaiba tulu, sunka fita da rana tsaka kamar masu zuwa rijiya. Sunka wuce rijiyar.

Duk wannan a bakinta na ji, don ta ƙauyenmu sunka biyo. Ina sheƙar gero na ɗaga kai na ga mata biyu a ƙofar gida, na ɗauka masu bara ne. Sai da ta ce "Ke Saude, ba ki ba baƙi ruwa?" sannan na gane ta. Kafaɗun nan duk sun zube, ƙafafunta sun tsattsage suna jini. Na dama musu fura sunka sha. Suwaiba ta koma gindin rumbu ta jingina, ta zuba wa hanya ido.

Na ce, "Ku zauna nan. Ga ɗaki, ga rijiya kusa. Maigidana ba shi hanawa."

Jaratu ta ce, "Garinku babu turu?"

Akwai shi, kuma labarin jaririya zai iso kafin kasuwa ta zagayo.

"To ina za ku?"

"Inda take son zuwa tun muna yara. Na gaji da juyo ta. Ta duba itatuwanta, in ta gama mu samu garin da ba a san mu ba."

Raina ya ɓaci, na daka mata tsawa. "Aduwa nawa ce tsakanin nan da Sakkwato, Jaratu? Kina da hankali?"

"Sai mu duba su duka. Wane aiki gare mu?"

Na tashi ina faɗa ina haɗa musu kaya, gero, ƙullun fura, goran ruwa, da takalman maigidana, don nawa ba su shiga ƙafarta. Na durƙusa ina ɗaura mata su, sai na ji faɗan ya ƙare mini. Na ce, "Ke fa? Shekara da shekaru kina tambayar 'ya'yan mutane abin da ke cin ransu. Ke mi ka cin naki?"

Ta yi dariya, ta buɗe baki za ta ba ni amsar tsiya yadda ta saba. Sai bakin ya karkace. Ta ce, "Saude, na gaji. Wallahi na gaji. Kuma ba ni da wanda za ni gaya ma." Ta kifa kai a gwiwa, wannan ƙatuwar mace, tana kuka babu sauti, bayanta na rawa. Tun muna yara, ko ran muciya, ban taɓa ganin ta yi kuka don kanta ba. Na rasa abin yi, na tsaya riƙe da takalmi ɗaya.

Suwaiba ce ta taso daga gindin rumbu. Ta zo ta tsuguna, ta ɗago kan Jaratu da hannu biyu, ta share mata fuska da gefen zanenta, a hankali, yadda ake share wa yaro. Ta karɓi takalmin daga hannuna ta sa mata. Sannan ta ce, ita wadda Jaratu ta ce mini ta yi watanni ba ta yi magana ba, "Ya isa. Tashi, rana na yi."

Ta ɗauki ƙwaryar kayan ta ɗora a kanta, ta kama hannun Jaratu ta tashe ta. Na raka su har bayan gonakinmu, Jaratu ta ce in koma, don na bar yara a gida. Ban sake ganinsu ba, kuma duk wanda na tambaya cikin masu zuwa kudu bai san su ba. Na dai tsaya a wurin har duwatsu sunka rufe su, Suwaiba a gaba da kaya, Jaratu na biye da ita.